Kada Ka Ari Tafiyar Kawunka

Sabon Birni,
bayan tashin kalankuwa.

Zuwa ga ɗana Sa'idu, a Isa.

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da masu masaukinka. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe, Ya haɗa ka da mutanen kirki a duk inda ka sauka.

Masu majigi sun ɗauke ka. Malamin ofishin En'e ya zo jiya ya gaya mini. Ya ce idan motar Ƙaura ta zo za ka bi ta, daga can ka hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna. Ya kuma gaya mini abin da kai ba ka gaya mini ba: majigin a kan takin zamani ne, manoma biyu ne a ciki, ɗaya mai hankali, ɗaya mai taurin kai, kuma kai ne mai taurin kan.

Ban rubuto don in hana ka ba. Kwaikwayo baiwa ce, kuma kana da ita fiye da yadda na taɓa samu. Na karanta cewa a Masar da Ingila akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai ita, suna tsufa a cikinta da mutuncinsu. Na ga kuma a jarida an fara wani akwati a kudu, wai talabijin, mai kai hoto har cikin ɗaki. Idan abin ya iso Arewa za a nemi irinku. Saboda haka ka tafi.

Amma na san abin da ya sa suka zaɓe ka. Baturen majigin da mutanensa suna filin kalankuwa, wasan bayan girbi, a Tsamaye ranar da ka fito ka kwaikwayi kawunka Alu, Sarkin Noma, wan innarka. Ni ma ina wurin. Ka ja ƙafar dama kamar yadda yake janta tun da ya faɗo daga raƙumi, ka yi gyaran muryar nan tasa kafin magana, ka nuna gona da haɓa maimakon hannu. Mata suka riƙe ciki. Shi kansa sai da ya share hawayen dariya da bakin riga. Abin da Baturen ya gani ke nan, shi yake so ka kai masa Kaduna. Shi ne kuma nake so ka bari a gida. Za ni gaya maka dalili daga abin da ya same ni, don ka san ba tsoron tsofaffi ba ne kawai.

Ka san na yi majigi lokacin da nake aiki a maɗaba'a a Zariya, kafin a haife ka. Aikina a can gyaran kuskure ne: a kawo mini shafi kafin a buga, in bi shi harafi-harafi. Wata rana masu majigi suka zo neman mutumin da ke jin Turanci, amma idan an dube shi a ga mutumin karkara. Suka ga zanen Gobirci a fuskata, suka ce ni ne. Majigin a kan allurar shanu ne, ta ciwon bushiya. Aka ce za ni fito a mai shanun da ya ƙi kai garkensa wurin allura.

Kuskurena na farko, ban nemi a ba ni labarin daga farko har ƙarshe ba. Ni da nake ƙin sa hannu a kan shafi sai na karanta na gabansa da na bayansa, na yarda aka riƙa ba ni guntu-guntu. Haka suke aiki. Yau a ɗauki tsakiya, gobe a ɗauki ƙarshe, jibi a dawo farko, gwargwadon hasken rana da samuwar shanu. A ce maka, tsaya nan ka girgiza kai. Ka girgiza. A ce, sake. Ka sake, har wuyanka ya gaji, ga wani faifan kwano da suke haska maka rana da shi a ido. Ni a zatona mutumin da nake yi mai taka-tsantsan ne, wanda daga baya zai gane ya kawo shanunsa. Ashe akwai wurin da aka ɗauka ba na nan: shanu a kwance matattu, ungulaye a kansu. Aka haɗa wannan da wani hoto nawa ina zaune na dafe kai, wanda a ranar da aka ɗauke shi cewa aka yi in nuna gajiya.

Saboda haka, kafin ka tsaya gaban akwatin ɗaukar hoto, ka nemi wanda ya rubuta labarin ya ba ka shi duka. Ka tambaya a ina mutumin naka zai ƙare. Ba rashin ladabi ba ne. Idan aka ce ba ruwanka, ka sake tambaya gobe cikin murmushi.

Na biyu, na ɗauka maganata za ta fita. Lokacin ɗaukar hoton na yi iyakar ƙoƙarina. Na faɗi abin da masu shanu ke faɗa da gaske: cewa suna tsoron wanda ya ƙidaya shanu don allura shi zai kai lissafin ga mai karɓar jangali, cewa sun ga saniyar da aka yi wa allura ta kwanta. Na tsara maganar da kyau, har mai riƙe da akwatin ya ce na burge shi. Sai daga baya na gane ba a ɗaukar murya ko kaɗan. Bakina kawai ke motsi. Maganar da jama'a za su ji tana wurin mai bayani, wato mutumin da ke zaune a cikin motar majigi da lasifika yana fassara hoton, kuma abin da ya ga dama shi yake faɗa. Idan taron ya yi sanyi, sai ya nemi abin da zai ba su dariya. Fuskar taka ce, amma bakin nasa ne.

An ce yanzu wasu majigin ana ɗaukar su da murya. Ka tambaya naka wane iri ne. Idan marar murya ne, kada ka dogara da abin da za ka faɗa ya wanke mutumin da kake yi. Abin da jikinka ya nuna shi kaɗai zai kai ƙauye.

Na ukun shi ne ya sa na zauna rubutun nan.

Da aka ce in yi mai shanu, sai na duba cikin waɗanda na sani. Na tuna Jodi, wani Bafillace na Burkusuma, wanda ke riƙe da shanun kakanka Liman. Mutum ne mai barkwanci, dogo, kafaɗarsa ta hagu a sauke saboda wani bijimi da ya taɓa make shi, kuma ba ya amsa magana sai ya ja leɓen kunnensa ya dubi sama. Tun muna samari nake kwaikwayonsa a kalankuwa, kamar yadda kake yi wa kawunka. Da na gwada a gaban Baturen da ke shugabantar majigin namu, ya tafa hannu ya ce haka yake so. Na ji daɗi. Ban yi tunanin komai ba. Zariya ina, Burkusuma ina.

Da rani motar majigi ta iso Sabon Birni, na kuwa zo ganin gida. Aka kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa bayan magariba. Ina fitowa a ƙyallen, na sauke kafaɗa, na ja kunne, sai wani daga baya ya ɗaga murya:

“Kai! Wanga ai Jodi na!”

Wuri ya ɗauka. Mai bayanin baƙo ne, bai san kowa ba a ƙasar nan, amma ya ji abin da taro ke so.

“To, jama'a, ashe kun san shi! Ga Jodi nan ya kaɗa shanu ya nufi ƙasar Faransa. Jodi, ina za ka? Allura kake gudu ko jangali? Dawo mana, ba kai za a yi wa ba!”

Aka yi ta dariya. Ni ma na yi, don a lokacin ban ga abin da ya wuce kalankuwa ba. Sai da shanun suka bayyana matattu, mai bayani ya ce, “Ga ƙarshen Jodi,” sannan na ji dariyar ta canza.

Mai bayanin ya riƙe sunan. Ya kai shi Gatawa, ya kai shi Isa, ya kai shi duk inda motar ta tsaya. Da rani ya zagayo motar ta dawo da majigin, ta sake dawowa a na bayansa. Jodi kuwa yana cikin waɗanda suka fara kai shanunsu allura a yankin nan, don ya ga abin da bushiya ta yi wa garken ubansa. Amma a kasuwa idan mutum ya yi gardamar banza sai a ce ya yi ta Jodi. Malaman dabbobi sababbin zuwa suka riƙa fara bincike daga rugarsa. Matansa suka daina kawo nono kasuwar Sabon Birni, saboda abin da yara ke rera musu.

Na je wurinsa. Na same shi a gindin wata ƙirya yana tufka igiya. Ya dube ni ya ce:

“A'a, Kaɗo, kai na? Zamna. Ko ka zaka ɗaukar abin da ka manta? Ga kahwaɗar dama nan, ba ka tahi da ita ba.”

Na ce, “Baffa, na zo neman gafara.”

Ya ja kunne, ya dubi sama, sannan ya tuna, ya sauke hannun da sauri. Wannan ya fi mini zafi a kan duk abin da ya faɗa.

Ya ce, “Ɗan Liman, shekara nawa kana kwaikwayona ga kalankuwa? Na taɓa hushi? In an tashi wasa ku taho ku duƙa ku ce, Baffa a yahe muna, in ce ku ci gidanku, in sa a dama muku hura. Shi ke nan, magana ta mutu sai baɗi. To, wasan ga naku na Turawa, yaushe a ranar tashinai? Gaya min in shirya hurar.”

Na sake roƙonsa gafara. Ya ce ya yafe, ya kuma sa aka kawo furar, muka sha. Da kaka ta wuce ya tashi rugarsa ya haura arewa, ya tsallake iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki, abin da bai taɓa yi ba sai da majigi ya ce ya yi. Kakanka ya nemi wani ya riƙe masa shanu. Fatake masu zuwa can sun ce ya rayu lafiya har ya tsufa, amma bai sake taka kasuwar nan ba.

Ka lura da abin da ya faɗa, don shi ne bambancin da ban gani ba. A kalankuwa wanda ake kwaikwayo yana zaune a gaba, an shimfiɗa masa tabarma. Masu dariyar sun san shi, sun san rumbunansa, da yawansu sun ci hatsinsa a shekarar yunwa. Idan an tashi wasa ku je ku gaishe shi, ya zage ku, ya ba ku dami. Majigi ba ya tashi. Yana zuwa garin da ba a san mutum ba, ya dawo garin da aka san shi, kuma ba wanda zai je ya duƙa a madadinsa. A maɗaba'a idan kuskure ya kuɓuce mana, muna gyarawa a bugu na gaba. Na rubuta wa masu majigin na roƙa a gaya wa mai bayani ya bar sunan. Suka amsa cikin ladabi cewa za su duba. Kafin su duba, sunan ya bar hannunsa, ya koma bakin mutane.

To, dubi kawunka. Ba gadon sarautar nan ya yi ba, noma ta ya yi. Sai da ya ɗaure dami dubu, ya yi bikinsa, ya ciyar da gari, sannan aka naɗa shi. Duk abin da yake da shi a Tsamaye shi ne idan ya ce a yi shuka a yi, idan ya ce a dakata a dakata. Idan ka ba manomin banza tafiyarsa da gyaran muryarsa, ba sai mai bayani ya san shi ba. Wani daga baya zai faɗi sunan. Daga ranar, duk yaron da ya ce wa ya gyara kunyar gona zai tuna gonar mai taurin kan da ta lalace a ƙyalle. Kuma ɗan ƙanwarsa ne ya yi.

Za ka ce to yaya za ka yi mutumin, tunda dole ya yi kama da wani. Ga abin da na koya daga baya, a majigin da na ƙara yi. Kada ka fara daga tafiya, ka fara daga dalili. Manomin da ya ƙi takin zamani ba wawa ba ne. Ya ga wanda ya zuba a shekarar da ruwa ya ɗauke, gyaɗarsa ta ƙone. Yana da iyali, ba shi da gonar gwaji. Ka sa wannan tsoron a cikinka, ka bar jikinka ya yi abin da zai yi. Tafiyar da za ta fito taka ce, ba mai zuwa ya ce a ba shi kayansa. Idan kana son wata alama, ƙirƙiro ta, sannan ka zauna ka bi mutanen Tsamaye da na Gatawa da na nan ɗaya bayan ɗaya a zuci, ka tabbata ba ta kowa ba ce. Tufafi kuma ka sa wanda suka ba ka.

Baturen zai nemi abin da ya gani. Zai ce, yi irin ta ran nan. Kada ka yi masa gardama a gaban mutanensa. Ka same shi shi kaɗai, ka ce tafiyar nan tana da mai ita, yana raye, babban mutum ne a garinsu, sannan ka nuna masa wadda ka shirya. Ka shirya ta sosai, don ba a karɓe abu daga hannun mutum sai an ba shi wani. Wanda na yi aiki da shi mai jin magana ne, da na gaya masa da ya ji. Ni ne ban gaya masa ba. Idan naka ya ƙi, ya ce ko tafiyar kawunka ko a nemi wani, to a nemi wani. Na san nauyin abin da nake faɗa. Na san tun kana ƙarami kake son wannan, kuma mai yiwuwa ba za a sake kiranka ba. Ka dawo. Ajin yaƙi da jahilcin da kake koyarwa na roƙi a riƙe maka shi har damina.

Wannan ya kawo ni ga kuskuren da na yi wa kaina. Bayan majigin farko na ɗauka na zama wani abu. Na yi sakaci da aikin maɗaba'a ina sauraron kira. Kiran ya zo, amma kullum mutum ɗaya ake so: mai ƙin haƙa masai, mai ɓoye ɗansa ranar allurar lamba. Sun sami fuskar da jama'a ke wa dariya, ba su ga dalilin canza ta ba. Abokina da ya fito a malamin dabbobi shi kuma kullum mai hankali ake ba shi, har mutane suka riƙa tare shi a tasha da maganar shanunsu, har shi ma ya fara ba su magani. Na ga ƙarshen wannan, bai yi kyau ba. Mu duka biyu mun bar ƙyalle ya gaya mana ko mu su wane ne. Da suka sami sababbin fuskoki suka daina aikowa, ba sallama. Na yi sa'a shugaban maɗaba'ar ya mayar da ni kujerata. Kai ka riƙe aikinka na koyarwa, ka ɗauki majigi abin da ake zuwa a yi a dawo. Idan wata rana ya isa ya riƙe ka shi kaɗai, za ka gani ba sai an gaya maka ba. Idan kuma sun sake kiranka, ka nemi su ba ka wani mutum dabam.

Akwai abin da ya rage, kuma shi ya fi gaggawa. Innarka ta dawo daga Tsamaye shekaranjiya. Na tambaye ta ko kawunka ya ji. Ta ce:

“Ya jiya? Yo ai Yaya ya hana kowa sakat. Shina zamne ƙohwar gida shina hwaɗin ɗan ƙanwatai za ya sa shi cikin majigi, har mutanen Legas su ga yadda Sarkin Noma ka tahiya. Har ya ce ma Sarkin Aski shi zo shi gyara mai gemu.”

Na ce, “Ba shi za a ɗauka ba, Sa'idu ne.”

Ta ce, “Malam, kai je ka gaya mai. Ni ba ni iyawa.”

Ka ga ke nan ya ɗauka girmama shi za a yi. Bai san manoma biyu ne ba, balle ya san wanne ne naka. Ni zan iya zuwa in gaya masa, amma ba daga bakina ya kamata ya ji ba. Idan motar ba ta iso ba, ka ari keke ka je. Ka duƙa ka ce, Kawu, mai taurin kai aka ba ni, kuma ba da tafiyarka za ni yi shi ba. Zai yi tsaki, zai ce ashe Turawan ba su san mutane ba. Zai yi kwana biyu yana fushi, ba da kai ba. Wannan fushin mai wucewa ne. Idan motar ta riga ka, ka rubuto masa daga Ƙaura kafin ka hau jirgi, ni za ni kai, in karanta masa.

Sauran abubuwa ka san su. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko ana tsakiyar ɗauka. Idan ka nema tun ranar farko za su saba. Ka gaida masu ɗaukar kaya kamar yadda kake gaida Baturen. Kada ka kwaikwayi abokan aikinka don a yi dariya a masauki, ba ka san wanda zai riƙe ba.

Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya rufa maka asiri a baƙon wuri, Ya tsare harshenka da gaɓɓanka daga cutar da wani, Ya dawo mana da kai muna masu farin ciki da abin da ka yi. Amin.

Mahaifinka,
Ummaru.

Bayan na naɗe takardar, wani falke da ya biyo ta Tsamaye ya tsaya a ƙofar gida. Ya ce kawunka ya ciro malfar da aka ɗora masa ranar bikin dubu, mai jan fatar nan da duk ƙasar Gobir ta sani, ya ba wani mai jaki ya kai maka Isa, wai ka sa ta a majigin. Idan ta iso, ka karɓa da hannu biyu, ka sa ta a ƙasan akwati, kada Baturen ya gan ta. Falken ya ce a bakin mutane ya ji, bai ga mai jakin da idonsa ba. Na aika Tsamaye a tambayo, ɗan aiken bai dawo ba tukuna.